Daga hanjin saniya zuwa foliyesta: Yadda zaren raket ya sauya wasan tanis da hannun masu buga shi

A ranar 8 ga Yunin 1997, wani matashi ɗan ƙasar Birazil mai shekara 20, dogo siriri mai tarin suma, ya ɗaga kofin gasar French Open a birnin Paris. Sunansa Gustavo Kuerten. Lokacin da aka fara gasar shi ne na 66 a duniya, kuma bai taɓa cin kofi a jerin gasannin manyan 'yan wasa ba. Kafin kofin ya shiga hannunsa sai da ya kayar da mutum uku da suka taɓa lashe gasar, wato Thomas Muster da Yevgeny Kafelnikov, sannan Sergi Bruguera a wasan ƙarshe.

'Yan kallo sun yi ta mamakin yadda yake dukan ƙwallo da iya ƙarfinsa, ta tashi sama kamar za ta fice daga fili, sai kuma ta dunguro ta faɗa cikin layi. Kaɗan ne daga cikinsu suka kula da abin da aka saƙa a raket ɗinsa: wani zare mai tauri na foliyesta, wanda kamfanin Luxilon na ƙasar Beljiyam ke yi.

A ƙarshen shekarar 2000, a birnin Lisbon, Kuerten ya doke Pete Sampras da Andre Agassi a jere, ya kammala shekarar a matsayin na ɗaya a duniya. Daga nan aka daina raina zaren. A yau da wuya a samu ɗan wasa a sahun gaba na maza da ba shi da foliyesta a raket ɗinsa, ko dai gaba ɗaya ko rabi.

Sai dai zaren da ya ba ƙwararru damar murɗa ƙwallo yadda ba a taɓa gani ba, shi ne kuma wanda masu saƙar raket da masu horarwa suka fi gargaɗin 'yan koyo da yara a kansa. Dalilin yana cikin abin da ke faruwa a ɗan ƙanƙanin lokacin da ƙwallo ke haɗuwa da zare, da abin da ke biyo baya a hannun mai bugu.

Abin da ke faruwa kafin a ƙifta ido

Ƙwallon tanis ba ta daɗewa a kan raket. Masana kimiyyar lissafin motsi da suka auna, irin su marigayi Howard Brody na Jami'ar Pennsylvania a Amurka da Rod Cross na Jami'ar Sydney a Ostireliya, sun gano cewa haɗuwar ba ta wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 1,000 na sakan ɗaya. Ƙiftawar ido ɗaya ta ishi a yi irin wannan haɗuwa aƙalla sau 20.

Wannan na nufin kafin saƙon bugun ya bar tafin hannu ya isa ƙwaƙwalwa, ƙwallon ta riga ta kama hanya. Abin da 'yan wasa ke kira jin ƙwallo a hannu labarin bugun da ya wuce ne. Ba zai gyara wannan bugun ba, amma da shi ɗan wasa ke gyara na gaba. Shi ya sa suke ɗaukar batun da muhimmanci har ya zama kamar camfi a wurin wasunsu.

A cikin wannan ɗan lokaci abu biyu ne ke lotsewa, ƙwallo da saƙar zare. Ƙwallon mai ɓarna ce da gangan. Dokar hukumar tanis ta duniya, ITF, ta ce idan aka sake ta daga tsayin santimita 254 a kan kankare, tashin da za ta yi ya tsaya tsakanin santimita 135 da 147. Kusan rabin ƙarfin da ta zo da shi ke nan ya salwanta. Shi kuwa zare yana maido da kashi 90 cikin 100 ko fiye na ƙarfin da ya karɓa.

Saboda haka idan saƙar ta yi laushi, ita ce za ta lotse maimakon ƙwallon, asarar ƙarfi ta ragu, haɗuwar ta ɗan tsawaita, dukan da zai iso hannu kuma ya zo a shimfiɗe. Idan saƙar ta yi tauri, ƙwallon ce za ta sha matsa, haɗuwar ta gajarta, dukan ya iso hannu a dunƙule lokaci guda. Duk wata muhawara kan zare, daga irinsa zuwa kaurinsa da yadda aka tamke shi, a nan take komawa.

Shanu biyu zuwa uku a raket ɗaya

Zaren tanis na farko daga mahauta ya fito. A 1875, shekara biyu kafin a fara gasar Wimbledon, Pierre Babolat na birnin Lyon a Faransa, wanda sana'ar gidansu sarrafa hanji ce har da yin tsirkiyar kayan kiɗa, ya fara yin zaren raket da hanjin tumaki. Daga baya aka koma hanjin shanu, saboda ya fi tsawo da ƙarfi. Turawan Ingila sun saba kiran irin wannan zare da wani suna mai ma'anar hanjin kyanwa, amma babu ruwan kyanwa a ciki.

Ba duka hanjin ake amfani da shi ba. Wata siririyar fata ce da ke lulluɓe da shi ta waje ake ɓarewa, a tsaga ta dogo-dogo, a wanke, a murɗa da yawa wuri ɗaya, a shanya a hankali, a goge, sannan a shafa mata abin da zai kare ta daga danshi. Aikin yana ɗaukar makonni. Raket ɗaya na cin zare kimanin mita 12, kuma wannan yana buƙatar hanjin shanu biyu zuwa uku.

Har yanzu babu masana'antar da ta iya ƙera abin da ya kai shi ta fuska ɗaya: ko an ja shi da ƙarfi ba ya sandarewa. Yawancin zaren roba suna ƙara tauri yayin da ƙwallo ke miƙar da su, shi kuwa zaren hanji yana ci gaba da bayarwa. Yana kuma riƙe ɗaurinsa fiye da kowane zare. Aibinsa biyu ne, tsada da tsoron ruwa. Kuɗin saiti ɗaya ya ishi mutum ya sayi na nailan da yawa, kuma danshi na saurin tsufar da shi.

Nailan ne ya sauƙaƙa wa talakan ɗan wasa, kuma har gobe shi aka fi samu a raket ɗin da ake sayarwa a saƙe. Akwai kuma wanda ake haɗawa da ɗaruruwan siraran zaruruwa a manne su wuri guda don a kwaikwayi laushin hanji, wanda kamfanin Tecnifibre na Faransa ya yi suna a kansa. A can ƙarshen tauri akwai Kevlar, abin da ake yin rigar sulke da shi. Agassi ya yi shekaru yana haɗa shi a raket ɗinsa.

Zaren da ke zamewa ya dawo

Foliyesta zare ne guda ɗaya dunƙulalle, mai santsi, kuma a gwajin ɗakin bincike taurinsa kan ninka na hanji sau biyu ko fiye. A ka'idar da aka bayyana a sama, ya kamata a ce zare ne mara amfani, tunda yana rage ƙarfin bugu. To amma wannan ragin ne farkon amfaninsa. Ɗan wasa mai ƙarfi zai iya sakin hannunsa gaba ɗaya ba tare da tsoron ƙwallon za ta zarce ba.

Amfani na biyu ya ɗauki lokaci kafin a gane shi. An daɗe ana zaton zare mai kaushi ne ke kama ƙwallo ya juya ta. Sai da aka fara ɗaukar bugun da kyamara mai saurin gaske, ciki har da aikin wani injiniya ɗan Japan, Yoshihiko Kawazoe, aka ga ainihin abin da ke faruwa. Idan raket ya shafi ƙwallo daga ƙasa zuwa sama, zaruruwan tsaye suna zamewa gefe a kan na kwance, sannan su fizgo su dawo mazauninsu tun ƙwallon ba ta bar su ba. Wannan fizgar ce ke ƙara mata juyi. Nailan da hanji sukan zame su maƙale, shi ya sa a da ake ganin 'yan wasa suna gyara zarensu da yatsu bayan kowane maki. Foliyesta kuwa da kansa yake komawa.

Gwaje-gwajen da Cross ya yi tare da Crawford Lindsey sun nuna ƙarin juyin da foliyesta ke bayarwa a kan nailan ya kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Wani mai nazarin bidiyo a Amurka, John Yandell, ya auna cewa ƙwallon da Rafael Nadal ke bugawa da gaban hannu tana juyawa kimanin sau 3,200 a minti ɗaya, alhali ta Sampras da Agassi ba ta kai 2,000 ba. Ba zare kaɗai ya kawo wannan tazara ba, akwai salon riƙo da girman kan raket da ƙarfin jiki, amma ba don zaren ba da salon Nadal bai yiwu yadda aka san shi ba.

Agassi, wanda ya daɗe yana ƙyamar sabon zaren, ya gwada shi a 2002 bisa shawarar mai horar da shi Darren Cahill, ya kuma lashe gasar birnin Rum a wannan shekarar. Waɗanda suka fi ji a jikinsu su ne masu salon yin sabis su ruga gaban raga. Ƙwallon da a da za ta zo musu daidai ƙirji, yanzu tana nutsewa a ƙafafunsu, ko ta ratsa gefensu ta wata kusurwa da a da ba ta buguwa. Salon da ya yi mulkin Wimbledon shekara da shekaru ya koma abin da ake yi jefi-jefi.

Abin dariyar shi ne an taɓa haramta wannan dabara. A shekarun 1970 wani Bajamushe mai sana'ar lambu, Werner Fischer, ya ƙirƙiro wata saƙa mai hawa biyu wadda zaruruwanta ba sa sarƙewa da juna, har da 'yan bututun roba da ke sa su zamewa. Saboda kamanninta aka laƙaba mata sunan taliyar sufageti. A gasar US Open ta 1977, wani Ba'amurke da ba a san shi ba, Mike Fishbach, ya yi amfani da ita ya casa tsohon zakara Stan Smith. Makonni kaɗan bayan haka, a garin Aix-en-Provence na Faransa, Ilie Nastase na Romaniya ya ɗauko ta a wasan ƙarshe da Guillermo Vilas na Ajantina, wanda a lokacin ya ci wasa 53 a jere a filin jar ƙasa. Bayan an doke shi zagaye biyu, Vilas ya ajiye raket ya fice daga fili. ITF ta dakatar da saƙar a watan Oktoban shekarar, ta haramta ta a 1978, ta kuma kafa dokar cewa dole zaruruwa su sarƙe da juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Foliyesta bai karya wannan doka ba. Santsinsa kawai ya yi masa wani ɓangare na aikin da bututun Fischer ke yi.

Girgiza iri biyu, da 'yar robar da ake saƙalawa

Da ƙwallo ta bar raket, abu biyu ke ci gaba da rawa, kuma yawancin masu wasa suna haɗa su wuri ɗaya.

Na farko shi ne zaren kansa, wanda ke kaɗawa kimanin sau 500 zuwa 600 a sakan ɗaya. Shi ne ke ba da ƙarar nan mai kaifi da ake ji bayan bugu. Kamar yadda mai kalangu ke matse igiyoyi a hammata murya ta hau, haka ƙarar raket ke ƙara kaifi idan an tamke zaren, ta yi kauri idan ya saki. Shi ya sa ake ganin ɗan wasa ya ciro sabon raket daga leda ya bubbuga shi a kan wani yana kasa kunne.

Na biyu shi ne jikin raket, wanda ke lanƙwasa ya miƙe kimanin sau 100 zuwa 200 a sakan ɗaya, gwargwadon taurinsa da nauyinsa. Wannan ita ce girgizar da ke bi ta mariƙi ta shiga tafin hannu da damtse. Ƙarfinta ya dogara ne a kan inda ƙwallo ta sauka. Akwai wani wuri kusa da tsakiyar saƙar da idan an buga da shi jikin raket kusan ba ya kaɗawa, sai ɗan wasa ya ji bugun ya fita sumul. Idan ƙwallon ta sauka can saman kai ko kusa da wuya, girgizar kan yi yawa. Idan kuma ta sauka a gefe, raket ɗin yakan nemi murɗewa a hannu, tsokar damtse ce ke tare shi.

Duk zaren da ke cikin raket bai wuce giram 15 ba ko kusa da haka, jikin raket kuwa kimanin giram 300 ne. Ƙarar zare ta fi cika kunne, amma girgizar jikin raket ce mai nauyin da hannu ke ji.

A nan ne batun 'yar robar nan da ake saƙalawa a ƙasan saƙa ya shigo. Ana sayar da ita da siffofi iri-iri, kamar maɓalli ko tsutsa, kuma da yawa suna saye da imanin cewa tana kare gwiwar hannu. Nadal ya yi amfani da ita a zamanin wasansa, Novak Djokovic ma yana amfani da ita. Agassi robar ɗaure kuɗi kawai yake ƙullawa. Roger Federer da Andy Murray sun yi manyan shekarunsu ba tare da ita ba. Doka ta yarda da ita, muddin an sa ta a waje da inda zaruruwa suka sarƙe.

Binciken da aka yi a kanta bai yi mata daɗi ba. Brody ya nuna tun a ƙarshen shekarun 1980 cewa tana kashe rawar zare, amma ba ta taɓa ta jikin raket. A 2004 wasu masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila suka auna girgizar da ke isa hannu da robar da kuma babu ita, ba su ga bambanci ba. Abu mai nauyin giram uku ko huɗu ba zai tsayar da mai giram 300 ba. Aikinta shi ne ta mayar da ƙara mai kaifi ta koma dum, kuma ga mai son haka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dalili kuwa, wani gwaji da Rob Bower da Rod Cross suka wallafa a 2003 ya nuna yadda kunne ke shiga aikin hannu. Sun ba 'yan wasa 41 da suka iya wasa sosai, amma ba ƙwararru ba, raket iri ɗaya masu ɗauri daban-daban. Mutum 11 kacal, wato kashi 27 cikin 100, suka iya gane bambancin kilo 5 ko ƙasa da haka. Mutum 15 kuwa ko bambancin kilo 10 ba su gane ba. Da aka toshe musu kunne, sai lamarin ya ƙara taɓarɓarewa. Ke nan wani kaso mai yawa na abin da ɗan wasa ke rantsuwa a hannu ya ji shi, da kunne ya ji.

Daga kilo 36 zuwa kilo 11

Ana auna ɗaurin zare da nauyin da injin saƙa ya ja shi da shi. Yawancin kamfanoni suna rubuta shawarar kilo 22 zuwa 27 a wuyan raket. Manyan 'yan wasa kuwa kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Björn Borg na Suwidin, a zamanin raket ɗin katako, yana sa a ja masa zaren hanji har kimanin kilo 36. Labari ne sananne cewa zaren kan tsinke da kansa cikin dare a ɗakin otal, babu wanda ya taɓa shi. Babban abokin hamayyarsa John McEnroe sassauƙan ɗauri yake so, don ƙwallo ta ɗan kwanta a raket idan yana gaban raga. Sampras ya bi sahun Borg da siririn zaren hanji a kimanin kilo 34, yana tsinka shi babu ƙaƙƙautawa. Nadal ya yi kusan duk rayuwarsa ta wasa a kilo 25, da foliyesta mai kauri na Babolat, ya ci French Open sau 14. A ɗaya ƙarshen akwai Adrian Mannarino na Faransa, wanda ɗaurinsa ke tsakanin kilo 10 zuwa 12, abin da wasu za su kira ragar kamun kifi. Da wannan ragar ya kai na 17 a duniya a farkon 2024, yana da shekara 35.

Tsohuwar magana a fagen tanis ita ce, sassauta zare ka samu ƙarfi, tamke shi ka samu saiti. Rabin farko bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Rage ɗauri da kilo 4 ko 5 ba ya ƙara wa ƙwallo gudun da ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Abin da ya fi sauyawa shi ne kusurwar da take tashi. Daga saƙa mai laushi takan fita sama kaɗan, ta sauka nesa, sai mai bugun ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru. Inda sassauci ke da amfani ba tare da gardama ba shi ne wurin rage kaifin dukan da ke isa hannu.

Kaurin zare da yawansa su ma suna da tasu rawar. Siriri, mai milimita 1.20 ko 1.25, ya fi mai 1.30 ko 1.35 miƙewa, amma ya fi saurin tsinkewa. Raket mai zaren tsaye 16 da na kwance 19 ya fi laushi da ba da juyi a kan mai 18 da 20, ko da ɗaurinsu ɗaya ne, saboda ramukan saƙar sun fi faɗi.

Sannan akwai gaurayawa. Federer ya shahara da sa hanji a tsaye, foliyesta a kwance, kuma Djokovic ma haka yake yi. Murray ya juya lamarin, foliyesta a tsaye, hanji a kwance. Zaren tsaye ne ya fi tasiri a kan yadda bugu ke ji, don haka tsarin Federer ya fi taushi, na Murray ya fi kusa da cikakken foliyesta.

Gwiwar hannu

Ciwon da ake alaƙantawa da wasan, wanda likitocin Ingila suka fara kira da sunan tanis tun a shekarun 1880, yana kama jijiyar da ta haɗa tsokar damtse da ƙashin gwiwar hannu ta waje. Mafi yawan masu fama da shi ba su taɓa riƙe raket ba. Kafintoci ne da masu fenti da mahauta da duk mai aikin da ke maimaita murɗa wuyan hannu. A tsakanin masu tanis kuma ya fi kama 'yan koyo da magidanta masu wasan motsa jiki fiye da ƙwararru, musamman masu bugun bayan hannu da hannu ɗaya waɗanda ke barin wuyan hannu ya karye, ko masu damƙe mariƙi da ƙarfi, ko masu yawan buga ƙwallo da gefen raket.

Zare ba shi ne kan gaba a jerin masu laifi ba. Djokovic, da rabin saƙarsa hanji ne, sai da gwiwar hannu ta sa ya fice daga wasan kwata-fainal na Wimbledon a 2017 a karawarsa da Tomas Berdych, ya huta sauran shekarar, aka yi masa tiyata a farkon 2018. Ya sauya yadda yake sabis, ya yi wa raket ɗinsa gyare-gyare, ya dawo ya lashe Wimbledon a bazarar wannan shekarar. Yawan bugu na shekara da shekaru ne ya ci hannun.

Amma zare shi ne abin da ya fi sauƙin canzawa, kuma a nan ne ɗan koyo ke yawan cutar kansa. Ƙwararre yana amfani da foliyesta na awa ɗaya ko biyu ya yanke. Yana da saurin hannun da zai sa zaren ya zame ya dawo, yana kuma buga ƙwallo a tsakiya kusan kullum. Mai wasan ƙarshen mako da ya sayi irin zaren Nadal ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Hannunsa bai kai saurin da zai ci moriyar juyin ba, taurin kuwa a jikinsa zai ƙare.

Ƙarin matsalar ita ce foliyesta ba ya tsinkewa da wuri, kuma wannan ne ma ke jan hankalin mai son tattali. Kowane zare yana fara sakin ɗaurinsa tun daga lokacin da aka sauke shi daga inji, kimanin kashi 10 cikin 100 a kwana ɗaya na farko, amma foliyesta ya fi kowanne saurin saki. Bayan wasu awanni na wasa, zaruruwan kan ci juna su yi gurbi, su daina zamewa. 'Yan wasa sukan ce zaren ya mutu. Ƙwallo ta fara zarcewa, mai bugun ya fara ƙanƙame mariƙi yana tauye hannu don ya riƙe ta a fili, ga zare kuma yana nan garau a ido, don haka babu wanda zai ce a canza shi. Haka wasu ke kai wata shida ko shekara da mataccen zare.

Shawarar da masu saƙa suka fi bayarwa ba ta da wuya. Yaro da ɗan koyo da duk mai jin tsami a gwiwar hannu ya tsaya a nailan ko zare mai zaruruwa da yawa, ko hanji idan aljihu zai ɗauka. Wanda ya nace sai foliyesta ya rage ɗaurin da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 daga yadda ya saba, ko ya gauraya shi da mai laushi, ya kuma yanke shi kafin ya tsinke. Akwai tsohon ma'auni da ke cewa sau nawa mutum ke wasa a mako, to sau haka ya sake saƙa a shekara, amma tun zamanin nailan aka yi shi, ga foliyesta ya yi kaɗan.

Zafi ma yana saukar da ɗauri. Raket ɗin da ya wuni a but ɗin mota a Kano ko Yamai cikin watan Afrilu ba zai koma yadda aka saƙa shi ba. Tudu kuma yana sa ƙwallo ta ƙara nisa saboda iska ba ta da kauri, shi ya sa ƙwararru da yawa ke ƙara ɗauri idan sun je gasar Madrid, wadda ke kimanin mita 650 sama da teku. Jos ta kusa ninka wannan.

Ɗakin da ba a nunawa a talabijin

A kowace babbar gasa akwai wani ɗaki da injina ke jere, inda masu saƙa daga ƙasashe daban-daban ke aiki tun kafin gari ya waye har tsakar dare. Cikin mako biyu na gasa irin Wimbledon ko US Open ana saƙa dubban raket. Gwani yana gama ɗaya cikin minti 15 zuwa 20, kuma idan an aiko da shi daga fili ana tsakiyar wasa, yakan yi ƙasa da haka.

Sampras bai yarda da wannan ɗaki ba. Ya ɗauki nasa mai saƙar, Nate Ferguson, yana yawo da shi duniya, saboda ko inji ɗaya ne da lamba ɗaya, hannun mutum biyu ba ya fitar da saƙa iri ɗaya. Kamfanin da Ferguson ya kafa daga baya ya yi wa Federer da Djokovic da Murray aiki.

Ivan Lendl ne ake dangantawa da al'adar canza raket duk lokacin da aka kawo sababbin ƙwallaye, wato bayan gem bakwai na farko, sannan bayan kowane tara. Sabuwar ƙwallo ta fi gudu, don haka ana so ta haɗu da sabon ɗauri. Wannan ya sa babban ɗan wasa ke shiga fili da tarin raket a jaka, kowanne a cikin ledarsa, wasu an ƙara musu rabin kilo ko kilo ɗaya ko da rana za ta yi zafi, wasu an rage ko da hadari zai haɗo. A wurin da yawa daga cikinsu, idan wasa ya ƙare, har raket ɗin da ba a ciro daga leda ba almakashi ake sa masa, a sake saƙa shi da safe.